Dakalin Baba da Ruwan Lakwal

Masu turo mini saƙo kuna tambayar ko goro ya iso, ku yi haƙuri, ba jan rai ya sa na yi shiru ba. Tun Litinin nake buɗe waya in rubuta layi biyu in goge. Wadda ta shigo yau ba ta san ni ba, sunana Najiba, shekarata ashirin da huɗu, a Filinge aka haife ni, ɗinki nake yi a ɗakin Innarmu. Wanda nake so sunansa Yazid, ɗan Damana ne. Aikinsa awon ƙasa da lissafin hanyar ruwa, kuma ginin sabuwar lakwal, wato makarantar boko, da ake yi a saman unguwarmu ne ya kawo shi garin nan. Baba ya riga ya ba da rana, ya ce iyayen Yazid su zo gaisuwa gobe Juma'a in an sauko daga masallaci. Yau Alhamis, kuma ban san ko za a yi ba. Tun yanzu ina gaya muku, da hannuna na tono abin.

Ranar Litinin na gama kayan da zan sa. Bazan ne, wato shadda, mai ruwan zuma, na yi masa aikin farin zare a wuya da bakin hannu, kwana shida ina kansa har idona ya fara ruwa. Na sani ba wanda zai gan ni ranar, ina can ƙuryar ɗaki za a yi komai a gama, amma ku bar ni da abina. Na saka, na kafa kallabi, na zura takalmin yayata Balkisa da ta manta a gidan, na fito ƙofar gida saboda ɗakinmu ba haske. Inna na miƙa wa wayar. Hoton farko ta yanke mini kai. Na biyu bishiyar dogon yaron bakin hanya ta ɗauka. A na uku ta yi ta ja da baya har ta kusa faɗawa kanibo, lambatun ƙofar gidanmu, shi ne ya fito da ni tun daga kallabi har ƙasa. Na tura wa Yazid na rubuta, “Ya ka gani?”

Nan take ya buɗe. Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa. Har na soma murmushi ni kaɗai, ina jiran irin kalaman nan nasa marasa tsari da ke shiga rai duk da haka. Sai ga saƙo.

“Mi ne ne wancan bayan ƙahwarki?”

Na waiga. Ba komai sai dakalin Baba.

“Kwana shida ina ɗunki, dakali kag gani?”

“Ba dakalin ba. Ramin da ke ƙarƙashi nai. Don Allah ki matsa kusa ki ɗauko min shi.”

'Yan'uwa, na duƙa cikin sabon bazan na ɗauki hoton rami. Inda soyayya ta kai ni ke nan.

Bari in kwatanta muku wurin, don in ba ku gane shi ba sauran zai shige muku duhu. Ta ƙofar gidanmu kanibo ya wuce, wato lambatun siminti da meri, ofishin magajin gari, ta gina tun ina ƙarama, ya taso daga saman unguwa ya gangara fadama. Babana Malam Alu magini ne, rabin ɗakunan unguwar nan aikin hannunsa ne. Shekara goma sha biyu da suka wuce ya ga kanibon ya raba shi da inuwar dogon yaro, sai ya samo tano, gangar ƙarfe irin ta mai, ya cire masa baki da gindi, ya kwantar a cikin kanibon don ruwa ya riƙa bi ta ciki. Ya cike gefe da gefe da tsakuwa da jar ƙasa, ya zuba siminti a sama. Dakali ya fito sumul, mutum shida na zama su miƙe ƙafa. A kansa yake shan shayi da abokansa, a kansa suke la'asar tun da gwiwoyinsu suka fara ƙin tafiyar masallaci, a kansa aka ɗaura auren Balkisa. A kansa kuma ya ce za a shimfiɗa wa mutanen Damana tabarma.

Ko minti biyu ba a yi ba Yazid ya kira. Shi da ba ya kira a lokacin aiki. Ina jin ƙarar injin kwaɓa siminti a bayansa.

“Najiba, na yi kuskure babba.”

Kun san inda tunanin mace ke fara zuwa.

“Ranar da nib bi kanibon ina awo, tun daga lakwal har hwadama, ko'ina na sa metir. Da niz zo ƙoharku, Baba na zamne da mutane nai, tabarmi sun sauko sun ruhe bakin. Ƙaƙa za ni duƙa gaban Baba ina jan metir, ni da ko ido ba mu haɗawa? Sai nik kewaya ta lungun baya. Wurin ga guda, abin da ke cikin tsohon pulan, zanen kanibon na meri, shi nir rubuta.”

Dariya ce ta fara zo mini, wallahi. Na tuna yadda yake ajiye babur ɗinsa tun daga kwanar gidan Iya Salamatu, maƙwabciyarmu ta sama, ya turo mini saƙo in fito, don kada ya gifta ta gaban Baba. Inna ma saboda wannan kunyar take son sa.

“To sai mi?” na ce.

“Pulan ya ce hwaɗin kanibo metir guda, zurhi nai metir guda. Da shi niy yi lissahi, nis sa hannu cewa ya isa. Tanon ga ko kashi guda cikin uku ba shi ɗauka.”

Ya yi mini bayani har kunnena ya yi zafi, ga abin da na riƙe. Inda lakwal ta zauna da can kududdufi ne, wurin da ake haƙar ƙasar bulo. Duk ruwan saman unguwa can yake taruwa ya kwanta, ƙasa ta shanye shi a hankali, abin da ke gangarowa ta ƙofarmu ragowa ne kawai. Yanzu an cike ramin. An yi aji ashirin da huɗu masu rufin kwano, an shimfiɗe filin da fabe, irin bulon simintin daɓe, ɗigo ɗaya ba ya nutsewa. An tattara ruwan duka a baki guda, kuma ranar Asabar da ta wuce aka haɗa bakin da kanibonmu. Ga shi kowane gida a layin nan rariyar makewayinsa a kanibon take zuba. In ruwa ya zo ya rasa hanyar gaba, baya zai koma, ya bi rariyoyi ya shiga gidaje da duk abin da ke cikinsa. Wannan kafin ma a buɗe lakwal yara dubu su fara wanke hannu da alwala.

“Sai an hwasa dakalin,” ya ce a hankali.

“Ka bari Juma'a ta wuce.”

“Najiba, watan Agusta muke. Kwana tara ba a yi ruwa ba.”

“Kwana huɗu nic ce, ba shekara huɗu ba.”

Na kashe wayar ban yi sallama ba, na shiga ɗaki na cire bazan ɗin na jefa kan keke.

Da Talata na kasa ɗinki. Allura biyu na karya, na haɗa hannun rigar wata a baibai. Kowane lokaci sai in fito tsakar gida in kalli gabas. Inna tana tankaɗe a gindin rumfa, ta bar ni na yi zirga-zirga har sau biyar kafin ta ce in zo in zauna in faɗa mata abin da ke cizo na. Na faɗa mata duka. Ta ajiye rariyar tankaɗen, ta karkaɗe hannu.

“Ki hwaɗa mai ya kama baki nai. In goro yas shigo gidan ga anka raba, ya zama ɗa, ɗa na iya hwaɗa ma uba magana. Yanzu baƙo ne. Baƙon da bai ko zamna ba shi ce a tashe wurin zama?”

“Inna, in ruwan yaz zo hwa?”

“Ruwa na Allah ne. Ke ki dubi kanki. Mutum biyu sunka zo nemanki ubanki yak kore su a kan abin da bai kai wanga ba. Wanga kaɗai yac ce to. Ƙawayenki na goyon na biyu, ke kina nan kina ɗunka musu kayan suna.”

Ta san inda ke mini ciwo, can ta danna. Na ɗauki waya na yi wa Yazid bokal, saƙon murya, mai tsawon minti huɗu. Na roƙe shi, na yi masa faɗa, na sake roƙon sa, a ƙarshe na ce in yana so na ya yi shiru zuwa Asabar. Ba na alfahari da wannan maganar, amma na ce zan faɗa muku gaskiya. Amsarsa layi ɗaya ce: “Ina sonki. Gidan Iya Salamatu na laka ne.”

Na ji haushin sa ƙwarai. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne gaskiya ya faɗa.

Laraba da hantsi ina shara a zaure na ji sallama a waje. Na leƙa ta tsagar ƙofa. Yazid ne, ya cire kayan shantiye, na wurin gini, ya sa farin kaftani, ya bar takalmansa can nesa, ya zo ya tsuguna a ƙasa gaban dakali. Mutumin da wata bakwai yake kewaye lungu. Baba na zaune da abokinsa Malam Ali, shayi na kan gawayi. Malam Ali ya yi masa gaisuwar Zabarmawa ya ce, “Fofo, ɗan Zabarma, yau ka ɓace hanya?” ya yi dariya. Baba bai yi ba, don ya san suruki ba ya zuwa haka da alheri kwana biyu kafin iyayensa.

Yazid ya yi gaisuwa mai tsawo, kansa a ƙasa. Sannan ya faɗi komai, ya fara da laifinsa, bai ɓoye cewa kunya ta hana shi awo ba. Ni kuma tsintsiya na hannuna na matse ta har ta shata mini tafi.

Baba ya bar shi ya kai ƙarshe. Ya kurɓi shayi.

“Shekara nawa gare ka?”

“Talatin ba guda, Baba.”

“Sa'ad da anka haihe ka na shekara goma bisa katanga. Damina goma sha biyu sunka bi ta tanon ga, ko ɗan tsako bai ci ba. Ni nit tarad da lakwal, ko ita tat tarad da ni? Kunka cike ramin da ruwa ke kwana, kunka kwaso magina daga Yamai kamar garin ga ba mai iya riƙa cokalin gini. Ba wanda yaz zo yat tambaye mu ina ruwa ke bi. Yanzu ruwanku ya rasa hanya sai ta wurin zamana?”

Ku faɗi gaskiya, ina ƙarya a maganar Baba? Ni dai ban gani ba. Ina bayan ƙofa ina gyaɗa kai, ina kuma jin kamar in fita in rufe masa baki.

“Gaskiya ne, Baba,” in ji Yazid. “In anka hwasa, ni za ni sa a zuba dal, murhin siminti, a sama, ruwa na wucewa ƙasa, ku zamna kamar da.”

Wayyo Yazid. Duk maganar duniya ba wadda ya zaɓo sai wannan.

“Kai za ka gina min?” Baba ya ajiye kofin. “To ji nan. Aikinka ne, ba ni hana ka. Amma in takarda taf fito daga meri da sunana a kai, ko wani yas sa ƙarhe ga dakalin ga, ka hwaɗa ma iyayenka su huta da tahiya. Tashi ka sa takalmanka.”

Ya tashi ya tafi da baya da baya. Na koma ɗaki na kwanta rub da ciki kan tulin atamfofin mutane. Da azahar saƙonsa ya shigo: “Na rubuta rapor, takardar kai ma meri. Yana aljihuna. Ki ce in kai ko in aje.” Na karanta ya fi sau ashirin. Na rubuta “aje” na goge. Na rubuta “kai” na goge. Don me zai ɗora mini? Shi ya yi karatun, shi ya kewaye lungu. Ban amsa ba, kuma ban ci abinci ba.

Yau da safe gari ya tashi da zafi mai danƙo. Inna ta sa aka wanke tabarmi sababbi, ta jiƙa geron furar baƙi, tana yi tana satar kallo na. Baba ya share dakalinsa da kansa, har ya yayyafa ruwa. Bayan azahar iska ta tsaya cak. Na fito na kalli gabas, hadari ya haɗe baƙi ƙirin tun daga ƙasa. Awaki suka fara shigowa da kansu.

Ruwan bai yi sallama ba. Minti goma na farko muna ta tarbar na indararo a bokitai kamar kullum. Sai na ji wani ƙugi daga saman unguwa wanda ban taɓa ji ba tun da aka haife ni a gidan nan. Na yafa buhu na fita zaure. Kanibon ya cika ya batse, jan ruwa na gudu da ledoji da karan dawa, yana zuwa ya daki dakali ya tsaya yana juyawa. Bakin tanon ya nutse, ba a ko ganin sa. Ta ɗaya gefen kuwa ɗan abin da ke fita bai fi na bakin tulu ba.

Inna ta kira ni daga ciki. Ruwa ne ke ɓulɓulowa ta rariyar makewayinmu, baƙi, mai wari, yana malala tsakar gida wajen tabarmin da aka shanya a rumfa. Na koma waje da gudu. Ruwan ya haye hanya ya nufi gidan Iya Salamatu, wanda ƙofarsa ta fi ta kowa ƙasa. Tsohuwar na tsaye a bakin zaurenta, ruwa har ƙwauri, tana tura shi da faranti. Ita kaɗai ce a gidan tun rasuwar mijinta, ga rumbun hatsinta a jikin katangar. Na ga gindin katangar ya jiƙe ya yi duhu, laka na saɓulowa.

Baba na tsaye a zaure, hannuwansa a baya. Yana ganin abin da nake gani.

“Baba.”

Bai juyo ba.

“Baba, katangar Iya.”

“Yanzu shi tsagaita,” ya ce. Muryar ba tasa ba ce.

Ban san lokacin da na shiga ɗakin kayan aikinsa ba. Babbar gudumar fasa dutse na jingine bayan ƙofa, na jawo ta da hannu biyu tana jan ƙasa. Inna ta riƙo zanena ta ce, “Najiba, aurenki,” na fizge. Na wuce ta gaban Baba, na hau dakalin, na ɗaga iya ƙarfina na sauke. Hannuna ya yi tsami har kafaɗa. Abin da ya ɓalle bai fi ƙwayar goro ba. Na sake, ina kuka, ruwa na shiga mini baki. A na uku aka riƙe ƙotar ta baya.

“Ba nan ba,” in ji Baba. “Sauka.”

Ya naɗe hannun rigarsa. Ya taka zuwa kusurwar gabas, ya dube ta ɗan lokaci, ya sauke gudumar a wani wuri da ni ban ga bambancinsa da sauran ba. Simintin ya tsage tun daga nan har ƙarshe. Shi ya zuba shi, ya san inda ya yi masa ƙaranci. Bugu bakwai na ƙirga. Ya sa ƙotar ya ɓanɓare gefen, ruwa ya samu jar ƙasar ya fara cin ta, tanon ya motsa, ya juya, ya tafi yana gware da bangon kanibo. Rabin dakalin ya bi shi. A kan idonmu ruwan hanya ya fara ja da baya daga ƙofar Iya Salamatu, katangarta na tsaye.

Sai a lokacin na ga Yazid. Ya taho da gudu daga shantiye da diga a kafaɗa, ba hula, jiƙe sharkaf. Da ya ga Baba a kan abin da ya rage na dakalin, sai ya tsaya can kwanar da ya saba tsayawa, ya sauke digar. Baba bai kalli wajen ba ko sau ɗaya. Ya sauko, ya miƙo mini gudumar, yana haki.

“Mai da ta inda kiɗ ɗauko.” Ya goge fuskarsa da tafin hannu. “Kuma ki hwaɗa ma yaron ga, mutane nai kada su taso gobe. Ba ni da inda za ni zamnad da su.”

Bai ɗaga murya ba. Da ya yi faɗa da na fi samun sauƙi.

Yanzu ruwa ya ɗauke, ana kiran magariba. Inna na kwashe ƙazanta a tsakar gida, ko kallona ba ta yi ba tun ɗazu. Iya Salamatu ta aiko da ƙwai biyar a ƙwarya a ba Malam, ba wanda ya iya kai masa. Ina cikin rubuta muku wannan saƙon Yazid ya shigo: “Su Kawu Hamani sun taso tun azahar da goro don kada hanya ta ɓaci gobe. Ruwa ya tsare su Bonkuku, can za su kwana. In ce musu mi?”

Na fita da wayar a hannuna da niyyar in nuna wa Baba. Na same shi a ƙofar gida, ya kifa tsohon turmin Inna a bakin kanibo ya zauna a kai, butar alwalarsa a gefe, yana kallon ramin. Malam Ali ya zo da tabarmar salla a hammata, ya tsaya yana dube-duben inda zai shimfiɗa. Na juyo da wayar ban nuna masa ba.